Takardun En'en Zazzau: Wa Ya San Inda Suke?

A shekarar 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul a duk faɗin Nijeriya, a nan kuma En'e, wato hukumar gargajiya da sarki ke shugabanta tun zamanin Turawa, ta gama aikinta. Dama tun kafin nan an yi ta rage mata ƙarfi. Daga 1968 kotunan alƙalai suka fita daga hannunta, 'yan doka suka narke cikin 'yan sandan tarayya, gidajen yari ma gwamnati ta karɓe. Da aka zo rabon abin da ta bari, gine-gine sun sami magada, ma'aikata kowa an nuna masa ofishin da zai koma. Abin da bai sami magaji takamaimai ba shi ne takardu. En'e kuwa hukuma ce mai yawan rubutu. Ita ke ƙidayar masu biyan haraji gari-gari, unguwa-unguwa, ita ke ƙirga shanu saboda jangali, baitulmalinta na rubuta duk sulen da ya shiga da wanda ya fita, a kotunanta kuma muhuti na zaune gefen alƙali yana rubuta ƙarar gado da ta gona da ta aure. Tun bayan shigowar Turawa Zariya a 1902 ake wannan rubutu, shekara saba'in da 'yan kai.

In aka tashi maganar waɗannan takardu, abin da aka fi kuka da shi gara ce da yoyon rufi, kuma kukan gaskiya ne. Amma a ganina akwai hasarar da ta riga gara isowa. Yau in Bazazzagi ya ce yana neman abin da aka rubuta game da garinsu, ko unguwarsu, ko kakansa, babu wani jeri guda ɗaya da zai buɗe ya ga me ke akwai, kuma a hannun wa yake. Takardar da ba wanda ya san tana nan ba ta da mai tambayarta, wadda ba a tambaya kuwa ita ake fara fitarwa waje ranar da aka buƙaci ɗakin.

Dubi yadda abin ya warwatsu. Fayil-fayil na ofishin Razdan, wato babban jami'in Turawa na Lardin Zariya, suna Kaduna, a reshen Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa, inda masu bincike suka san su da laƙabin ZARPROF, na sakatariyar Lardunan Arewa kuma SNP. Hukumar ta samo asali ne daga aikin masanin tarihi Kenneth Dike, wanda ya zaga yana duba halin da takardun gwamnati ke ciki har aka kafa ofishin farko a Ibadan a 1954, daga baya aka buɗe rassa a Enugu da Kaduna. A Kadunan dai akwai Arewa House, gidan da Sardauna ya zauna, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970 a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ke riƙe da shi. A Samaru ga Laburaren Kashim Ibrahim, ga kuma tarin rubuce-rubucen Larabci da shirin binciken tarihin Arewa ya fara tattarawa a shekarun 1960. Rahotannin da aka aika Landan suna Kew, inda gwamnatin Birtaniya ke adana takardunta, abin da wasu jami'an Turawa suka tafi da shi gida kuma da damansa ya ƙare a Oxford. Waɗannan su ne takardun da suka yi sa'a, don suna da lamba da mai kula da su. Sauran, wato abin da En'e ta rubuta da hannunta wanda bai bi ta teburin Razdan ba, nan ne zancen ke da duhu. Wasu suna ɗakunan ajiya na ofisoshin da suka gaje ta, wasu a kotuna, wasu a fada, wasu cikin adaka a gidajen hakimai da na tsofaffin malaman haraji.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin fayil ɗin Razdan idon Bature ne. Di'o, Baturen da ke ƙarƙashin Razdan, zai fita rangadi, ya sauka a barikin gunduma, ya ƙirga gidaje da gonaki da rijiyoyi da karofi da masaƙa, ya tara dattawa ya yi musu tambayoyi ta bakin tafinta, sa'an nan ya rubuta tarihin garin a shafi biyu ko uku. Duk wahalar nan da ya sha don ya san nawa za a yanka musu na haraji ne. Akwai dukiya a irin waɗannan rahotanni, ba a musu, amma marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi shekaru a Samaru yana koya wa ɗalibai su tambayi kowace takarda: wa ya rubuta ki, don me, wa ya ba shi labarin, me mai ba da labarin ke tsoro ko yake fata? Amsar irin waɗannan tambayoyi sau da yawa tana cikin ɗaya rabin ne, wanda ba a tattara ba. A littafin kotu ake jin muryar talaka: matar da ta zo neman khul'i da abin da ta ce an yi mata, manomin da ke jayayya da maƙwabcinsa a bakin fadama, da ɗorawar ko tsamiyar da aka kafa shaidar iyaka da ita. Wasiƙun hakimai zuwa fada, da Larabci ko da ajami, su ke nuna shekarar da fari suka sauka, da ƙauyen da ya tashi dare ɗaya don gudun haraji. Duk wanda ya rubuta tarihin Zazzau daga ZARPROF kaɗai ya ji ta bakin mutum ɗaya ne ya yanke hukunci.

Na taɓa shiga wani ofishi neman wata tsohuwar takarda, aka haɗa ni da wani dattijon masinja wanda shi kaɗai ke riƙe da makullin sito. Yana buɗewa warin laima ya tarbe mu. Fayil-fayil ne ɗaure da igiya, an jibge su a ƙasa jikin bango, an ɗora musu karyayyun kujeru da wata tsohuwar tafireta. Ya sunkuya ya zaro ɗauri ɗaya daga can ƙasa. Bangon fayil ɗin lafiya lau, har lambarsa da jan alƙalami tana nan raɗau, amma da ya buɗe sai ga hanyoyin gara sun ratsa tsakiya, jar ƙasa ta maye gurbin rubutu. Na ce, "Baba, babu littafin da aka rubuta abin da ke cikin ɗakin nan?" Ya ce, "Ɗana, littafin ai ni ne. Faɗa mini shekara da gunduma, in nuna maka kusurwar da za ka tona." A lokacin ya kusa ritaya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba tsufa ke kashe takarda ba, irin takardar ne da wurin da aka ajiye ta. Littafin da wani malami ya kwafa da hannu a zamanin Sarki Abdulkarimu, lokacin da Babban Gwani ke gina masallacin Juma'a, yakan fi fayil ɗin 1955 lafiya. Dalili kuwa, takardar da fatake ke kawowa ta hamada, wadda aka yi a Italiya mai tambarin jinjirin wata uku in an ɗaga ta a haske, da tsumma aka yi ta. Ta zamanin Turawa kuwa daga gungumen itace inji ya niƙa, tana ɗauke da sinadarin tsami a jikinta, shi ke sa ta yi ja, ta bushe, ta riƙa karyewa daga gefe. Sai yanayinmu ya ƙara mata. A watan Agusta iska kan jiƙe har danshinta ya haura kashi 80 cikin 100, alhali fumfuna na fara kama takarda da zarar ya wuce wajen kashi 65. Hunturu na shigowa ya faɗo ƙasa da kashi 20, ga ƙura. Takarda ta kumbura ta tsuke, ta kumbura ta tsuke, shekara bayan shekara. Ƙarfen da aka maƙale shafuka da shi ya yi tsatsa ya ci kusurwa. Wata ɓarnar ma da kyakkyawar niyya ake yin ta: a liƙe yagaggen shafi da salatif, bayan 'yan shekaru gam ɗin ya ratsa rubutun, ko a kai takardar gado shagon kwamfuta a rufe ta da leda da zafin inji, ba ta sake fita sai da fatarta. Tsohuwar tawadar nan da ake dafawa da bagaruwa da kashin maƙera ma, in ta sha laima, takan huda takarda daidai inda alƙalami ya bi.

Mafi rauni duka ita ce takardar jarida, kuma a nan Zariya na da abin da ba kowane gari ke da shi ba. A nan Hukumar Talifi ta zauna, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, a nan kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Wasiƙun masu karatu da ke cikin jaridar nan kaɗai sun isa a rubuta tarihin abin da ke damun mutanen Arewa na shekaru masu yawa, da harshensu. Wanda ya taɓa buɗe ɗaurin tsofaffin kwafenta ya san yadda gefen shafi ke zubowa a cinya.

Daga nan ne mai kula da takardu yakan ce, to a kulle, kowane hannu da ya taɓa yana rage musu kwana. Ina ganin uzurinsa, musamman da yake akwai masu bincike marasa amana da ke yage shafi su sa a aljihu. Sai dai kullewa ba ta taɓa hana gara shiga ba, mutane kawai take hanawa. Ɗakin da ake shiga kullum shi ake sharewa, a nan ake ganin rufi ya fara ɗiga tun bai zama kogi ba. Doka ma ba ta goyon bayan kullewa. Dokar adana takardun tarihi ta 1992 ta buɗe wa jama'a takardun hukuma da suka kai shekara 25, in ban da waɗanda aka keɓe da dalili, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba ofishin gwamnati kwana 7 ya amsa wa mai tambaya. Amma duka biyun suna aiki ne ga wanda ya san abin da zai tambaya. In ba ka san fayil ɗin yana nan ba, ba ka san sunansa ko lambarsa ba, me za ka rubuta a takardar neman?

Akwai kuma wani dalilin kullewa da ba a cika faɗa a fili ba, kuma shi ne ya fi cancanta a tsaya a kansa. Takardun nan suna ɗauke da abin da zai iya ta da hankali. Ƙasar Zazzau ƙasar rinji ce a ƙarni na 19, wato ƙauyukan da ake zaunar da bayi su yi noma. Sanarwar da Lugard ya yi a 1901 ta ce yaran da aka haifa daga Afrilun shekarar 'ya'ya ne, ba bayi ba, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a dokance a Arewa ba sai 1936, kuma a tsakanin nan kotuna sun rubuta sunayen waɗanda suka fanshi kansu, da na iyayen gijinsu, da kuɗin da aka biya. Jikokin waɗannan da na waɗancan suna zaune unguwa ɗaya yau, sun yi auratayya, wasu ba su san komai game da wannan ba. Ga shari'un zargin ciki da na musun ɗa. Ga takardun iyaka tsakanin gundumomi, da na al'ummun kudancin tsohon lardin irin su Atyap da Bajju, waɗanda suka daɗe a ƙarƙashin hakiman Zazzau kafin su sami masarautunsu, kuma takardun nan tarihinsu ne kamar yadda suke namu. Wanda ya ce a kwashe duk wannan a watsa a intanet da sunaye bai yi tunanin gidajen mutane ba.

Amma a duba ɗaya gefen. Lokacin da Allah ya yi wa Sarki Shehu Idris rasuwa a Satumban 2020, bayan shekara 45 a kan gado, kowa ya zama masanin tarihin gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Jerin sarakuna iri-iri da hotunan shafukan da ba a san daga ina suka fito ba suka cika Facebook da WhatsApp, ba kuma inda talaka zai je ya gwada su da asali. Ɓoye takarda ba ya kashe gardama, sai dai ya bar fili ga mai ƙirƙira. Hanyar da wuraren adana takardu masu tsari ke bi ita ce su bambanta sanin cewa abu yana nan da ganin abin da ke cikinsa. Jerin a buɗe yake ga kowa: littafin kotun gunduma kaza, daga shekara kaza zuwa kaza, yana wuri kaza. Taswira da rahoton haraji da jarida da hotunan ganuwa da ƙofofi, daga Ƙofar Doka zuwa Kuyambana, a sake su kowa ya gani a wayarsa. Shari'un da suka taɓa asali da mutuncin iyali kuwa sai an zo ɗakin karatu, an rubuta suna da dalili, an sa hannu cewa ba za a buga sunan kowa ba. Waɗanda za su ja wannan layi bai kamata su zama ma'aikata kaɗai ba. A sa alƙali, a sa wakilin fada, a sa masanin tarihi, a sa mace, a sa wakilin al'ummun da abin ya shafa.

Yanzu duk taron da aka yi kan wannan batu, maganin da ake kawowa ɗaya ne: a ɗauki hotonsu a zuba a kwamfuta. Ina goyon baya, amma a san nauyin abin. Shafi ɗaya mai girman takardar ofis, in aka ɗauke shi da launi a ingancin da wuraren adana takardu ke yarda da shi, yakan ci wajen megabayit 25, wato shafi 100,000 ya kai terabayit biyu da rabi. Ba a kuma ajiye kwafi ɗaya, ƙa'idar ita ce uku, ɗaya a wani gari dabam. Faifan ajiya yakan mutu ba sallama, wanda ya zuba aikinsa a faifan CD shekara ashirin da suka wuce ya san haka. Microfilm, wato fim ɗin da ake ɗaukar shafuka a kai a ƙanƙance, wanda aka yi alfahari da shi a shekarun 1960, irin na da yakan fara warin tsami ya nannaɗe in ya sha zafi, ko yana lafiya ma sai an sami injin karanta shi. Hoto yana bukatar mai kula da kasafin kuɗi duk shekara, kamar yadda takarda ke bukata, kuma ba ya ba da izinin zubar da asalin. Shirin nan na Laburaren Birtaniya na ceton takardun da ke cikin haɗari, wanda aka fara a 2004 kuma ya taɓa ɗaukar wasu takardun ma'adanar Kaduna, sharaɗinsa mai kyau ne: asali ba ya barin ƙasarsa, kuma dole a bar kwafin hotunan a gida. Duk mai zuwa da kyamara, ɗan gida ne ko baƙo, a riƙe shi da wannan sharaɗi.

Sai dai hoto 100,000 da ba su da suna rumbu ne da ba ƙofa, hatsi na ciki, mai gida na kwana da yunwa. Kwamfuta ba ta iya karanta rubutun muhutin 1925 yadda za a dogara da ita, balle ajamin da kowane malami ke da hannunsa. Dole mutum ya zauna ya rubuta wa kowane kundi layi biyu ko uku: daga ina ya fito, shekarunsa, harshensa, garuruwan da ya ambata, halin da yake ciki, da inda yake yanzu. Sunan gari a rubuta shi yadda mutanensa ke faɗa da yadda Bature ya rubuta, don mai nema daga Soba ko Kubau ko Ikara ya same shi. Kuma a yi da Hausa tare da Turanci. Jikan dagacin da ke neman wasiƙar kakansa ba lallai ne ya yi digiri ba.

Masu wannan aiki muna da su a cikin gari. Malaman zaure na Ƙona da Juma da sauran unguwannin birni suna karanta irin rubutun nan ba gargada, sun kuma san wane ne wane a cikin sunayen. Jami'a na da sashen tarihi da na Larabci da na aikin laburare, ɗalibansu kuma kowace shekara suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. A zaunar da malami ɗaya da ɗalibi ɗaya a tebur ɗaya, wannan na karantawa wancan na shigarwa, a biya malamin haƙƙinsa, a rubuta sunansa a aikin. Irin malaman nan da tsofaffin ma'aikatan En'e da suka rage raguwa suke yi, wannan ne ya sa aikin ba ya jiran sai an sami kuɗin gini.

Gini ma ba shi ne na farko ba. Ban yarda da masu cewa a kwaso komai a tara wuri ɗaya ba. Gobarar da ta cinye gidan tarihin ƙasar Brazil a 2018, da wadda ta kama laburaren Jami'ar Cape Town a 2021, sun nuna abin da dare ɗaya ke iya yi wa tarin da aka haɗa a rufi ɗaya. Ban da haka, gidan da ya riƙe gafakar kakansa shekara ɗari ba zai miƙa ta ga hukuma ba, kuma yana da hujja, don wasu sun ba da aro ba a dawo musu da shi ba. Hanyar da masu tattara rubuce-rubuce na Samaru suka bi tun farko ita ce daidai: a nemi izini, a ɗauki hoto, a mayar wa mai abu abinsa. A yau ma ba sai littafin ya bar zaure ba, kyamara ce za ta je. A bar wa mai gida kwafi, a ba shi kwalin ajiya mai kyau, a nuna masa ya ɗaga adakar daga ƙasa, ya janye ta daga jikin bango. A ofisoshi kuma a gyara rufi kafin damina, a sa kanta ta ƙarfe, a cire ƙarafan da suka yi tsatsa. Duk wannan bai kai kuɗin motar ofis ɗaya ba.

Wanda ya fi dacewa ya kira zaman farko Majalisar Masarautar Zazzau ce, domin hakimi da malamin zaure za su buɗe adaka in kiran daga fada ya fito, ba za su buɗe wa takardar ma'aikata ba. Jami'a ta kawo gwaninta, ma'adanar Kaduna da Arewa House su kawo jerin abin da ke hannunsu, ƙananan hukumomi da kotuna su buɗe sito. Kada a ce sai an game masarauta duka. A ɗauki gunduma ɗaya, a bi duk inda takardunta suke, a fitar da jerinta cikin shekara guda. A manna shi a sakatariyar ƙaramar hukuma, a sa shi a intanet, a kuma karanta shi a rediyo gari-gari, tare da faɗin ranar da masu kyamara za su zo da wanda za a tuntuɓa a gidan hakimi.